Ƙarar da Haulat Ta Kai Makaranta

Idan ka shiga unguwar Wukair ta ƙasar Qatar ka tambayi matan Hausawa gidan Haulat, ba mamaki su tsaya suna kallon juna. Amma ka ce Lauya, nan take za a nuna maka benen da ƙamshin mai da sukari ke sauko maka tun daga matakala. Ba ta taɓa taka ƙofar kotu ba, baiwar Allah. Alkaki take yi da dubulan, tana kai wa masu suna da masu biki. Sunan Lauya a makaranta ta samo shi, domin duk uwar da aka kira a kan ɗanta, 'yar Sudan ce ko 'yar Somaliya ko 'yar Zongo, Haulat take nema ta raka ta. Akwai yara da dama a ajin masu hazaƙa na wata makaranta a unguwar Mesaimeer da ta dalilinta suka shiga. Sai dai da ɓarna ta fara wannan aiki, kuma 'yar cikinta ta yi wa ɓarnar.

'Yar Malumfashi ce, mahaifinta mai gyaran keken ɗinki. Allah ya ba ta hannu mai albarka da baki mai mita. Haulat tana iya yin mita a kan rana, ta yi a kan rashin rana, ta juya ta yi a kan wanda ya ce ta daina. Wanda bai san ta ba sai ya ɗauka masifa ce, amma duk wanda ya zauna da ita ya san ba ta mitar wanda ba ta so. Mijinta Surajo da gadi ya fara a Qatar. Ya yi shekaru a tsaye ƙofar wani kamfani cikin ranar da ke dafa ƙwaƙwalwa, har ya zama shugaban masu gadi, kafil, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, ya ba shi gidan iyali. Ba kowa ke samun wannan ba, yawancin abokansa sai dai su ga 'ya'yansu suna girma a waya. Haulat ta sauka Doha da 'yarta ta fari, Rahma, tana 'yar ƙarama, sannan ta haifi Zuleiha a nan.

Ta bar abubuwa da yawa a gida, amma ta zo da kunyar 'yar fari ɗungurungum. Tunda ta haifi Rahma sunan bai taɓa fita daga bakinta ba. Sai dai "ke", ko "waccan", ko ta ce wa ƙaramar, "Ina yayarki?" Mijin ma Baban Zuleiha take kiransa, kamar Zuleiha ce ta fara zuwa. Yabo kuwa, Allah ya kiyaye. Idan baƙuwa ta ce, "Kai, yarinyar nan akwai ƙoƙari," sai Haulat ta taɓe baki ta ce, "Wace? Wannan? Sai ci da barci." Haka uwarta ta yi mata, kuma ba ta taɓa shakkar son uwarta ba. Abin da ba ta lissafa ba shi ne Rahma ba a Malumfashi ta tashi ba. Ta tashi ne cikin yaran da iyayensu ke rungume su a ƙofar makaranta suna kiransu gwani don sun ɗaura igiyar takalmi.

Shekarar da Rahma ta kai aji shida, makarantar ta fara zaɓen yaran da za su shiga ajin masu hazaƙa. Gurbi kaɗan ne, kuma wanda ya shiga zai samu ɗakin gwaje-gwaje da malaman kimiyya na musamman har ƙarshen sakandare. Abu uku ake dubawa: jarrabawa, shaidar malamin aji, da shaidar iyaye. Jarrabawa dai Rahma ta cinye ta. Malamin aji ya ce yarinya ce mai natsuwa, amma ba ta ɗaga hannu, ba ta kallon mutum a ido, shi kam bai tabbata ba. To da wane ido za ta kalli babba, ita da aka yi wa tarbiyya? Saura shaidar iyaye, sai aka kira Haulat da Surajo.

Suka je fes da su, Surajo har da hula sabuwa. Mai kula da sashen wata Baturiya ce mai farin gashi, Madam Fiona, mace mai fara'a. Rahma na zaune a gefe ta haɗa gwiwa. Madam ta yi murmushi ta ce su faɗa mata abin da ya sa suke ganin 'yarsu ta fita daban.

Haulat ta ji kamar an ce ta cire mayafi a kasuwa. Ga baƙuwa, ga miji, ga yarinyar kanta a zaune, a ce ta buɗe baki ta yabe ta? Ta tattaro Turancinta na kasuwa da asibiti, ta ce yarinyar ba ta san komai ba, wasa kawai ta iya, malamai ne dai ke ƙoƙari da ita. Madam ta dubi Surajo ko zai gyara. Shi ma kunyar ta riƙe shi, ya gyaɗa kai ya ce, "Haka ne." Suka fito Haulat tana jin daɗi a ranta, ta yi abin da ya kamaci 'yar mutunci. A tunaninta Madam ta gane, domin wa zai kasa ganewa?

Madam ba ta gane ba. Ta ɗauki magana yadda aka faɗa mata, aka ba wani gurbin.

Ba rashin gurbin ne ya fara damun Haulat ba, shirun gidan ne. Rahma yarinya ce mai tambaya tun asuba, ta tambayi dalilin wannan ta tambayi dalilin wancan har mutum ya ji kansa na juyawa. Sai ga shi ta dawo makaranta ta yi sallama, ta yi wanke-wanke, ta shige ɗaki. Ba musu, ba ɓarna, ba abin mita. Da farko Haulat ta ce Alhamdu lillahi, an girma. Da abin ya yi nisa sai ta ji gidan ya yi mata faɗi. Wata ranar da la'asar tana murza ƙullin alkaki ta ji Zuleiha na roƙon yayarta ta koya mata lissafi, sai Rahma ta ce, cikin murya mai sanyi ba tare da fushi ba, "Ki tambayi wani. Umma ta ce ban san komai ba, kuma ita ta fi kowa sanina."

Ƙullin ya tsaya a hannun Haulat. Ta ji zafin maganar har cikin ƙashinta. Ashe yarinyar ma ba ta gane ba.

Ta sauka ƙasa wurin maƙwabciyarta Adijatu, 'yar Zongon Kumasi mai aikin jinya, mace mai murya kamar lasifika wadda Hausarta ke kiran kowa "ka". Da ta ji labari ta dafe ƙirji.

"Maman Rahma, ka ɓata abu paa! A nan in ba ka yabi yaronka ba, wa zai yaba? Mutanen nan abin da ka faɗa shi suke ji. Yalla, gobe ni zan je. Ni ne gwaggo."

Dabara ce mai kyau, domin a gida ma gwaggo ce ke yabon da uwa ba ta yi. Adijatu ta sha ado ta je ta yi wa Rahma kirari a ofis har sakatare ya leƙo. Aka saurare ta cikin ladabi, aka ba ta ruwa, sannan aka ce shaidar uwa ko uba kaɗai ake karɓa, kuma an riga an gama zaɓe. Surajo da ya ji ya ce, "Khalas, shi ke nan, Maman yara. Ba rabonta ba ne. Kada mu je mu yi ta surutu a ce mun cika fitina, mu da muke baƙi." Ba rashin so ba ne. Mutum ne da ya yi shekaru yana koyon cewa baƙo mai son zama lafiya ba ya ɗaga murya.

Haulat ta ce, "Baban Zuleiha, da rabon ne ya ƙi da na haƙura. Ni na ture shi da bakina."

Daga nan ta zama 'yar zaman benci. Kullum in ta sallami masu alkaki sai ta hau bas zuwa Mesaimeer, ta zauna a kujerar jira ƙofar ofishin Madam Fiona, jakarta a cinya. A ce mata Madam na taro, ta ce za ta jira. A ce ta fita, ta ce za ta dawo ai. Masu shara suka san ta, mai gadin ƙofa, wani ɗan Gumel, har ya daina tambayarta katin shaida. Zaman bai tafi a banza ba, domin a bangon da ke gabanta an liƙa hotunan yaran ajin masu hazaƙa na shekaru da dama, kuma ta samu lokacin kallonsu ɗaya bayan ɗaya. Makarantar cike take da yaran Afirka da na Nepal da na Bangaladash, ana ganinsu suna guje-guje a fili. A bangon nan kuwa ko ɗaya babu.

Ranar da Madam ta gaji ta fito da kanta, Haulat ba ta fara da 'yarta ba. Ta miƙe ta nuna bangon ta ce, da Turancinta mai ɗingishi, ina namu? Allah ya raba basira ya tsallake ƙasashe guda-guda ne? Madam ta bi hotunan da kallo. Ta ce gaskiya abin ya jima yana damunta, amma ita abin da iyaye suka faɗa take bi, kuma Haulat da bakinta ta ce yarinyar ba ta san komai ba. Haulat ta yi ƙoƙarin bayyana mata cewa a wurinsu uwa ba ta yabon ɗan fari. Madam ta saurara da gaske. Ta ce akwai gurbi guda da ya buɗe, wani yaro iyayensa sun koma ƙasarsu, kuma yara da yawa na jiransa. Za ta ba ta zama na biyu gaban kwamiti. Amma dole uwa ta yi magana da kanta, kuma dole yarinyar tana wurin.

Haulat ta gwada a gida. Ta rufe ƙofar kicin ta tsaya gaban tukunya ta ce, "'Yata tana da..." sai harshen ya naɗe. Ta gwada da Turanci ko zai fi sauƙi, bai fi ba. Mace mai iya mitar awa guda ba ta numfasa ba, ga kalma huɗu sun gagare ta. Ta yi dariyar kanta, daga baya ta yi kuka.

Ranar zama mutum uku ne a bayan tebur: Madam Fiona, malamin aji, da wani malamin kimiyya ɗan Masar mai tabarau. Surajo yana wurin aiki. Rahma ta zauna gefen uwarta, idonta a ƙasa, fuskar wadda ta zo jin abin da ta riga ta sani. Madam ta sake tambayar nan tata. Haulat ta buɗe baki ta rufe. Malamin aji ya duba agogo.

Sai wani abu ya faɗo mata. Ta gyara zama, ta ja mayafi, ta juya wurin yarinyar ta ce da Hausa, "Ke. Turancina ba zai ɗauki abin da ke bakina ba. Ki fassara musu, kuma kada ki rage ko kalma. Ki ce musu ni ba yabo na zo yi ba. Ƙara na kawo."

Rahma ta ɗago a firgice. "Umma..."

"Faɗa musu."

Ta faɗa, muryarta da ƙyar ake ji. Mutanen suka kalli juna.

"Ki ce musu yarinyar nan ta ishe ni. Kwallina da aka kawo mini tun daga gida, ta ɗauke ta je baranda tana zana layi a ƙasa wurin da inuwa ta tsaya, yau layi gobe layi, tun sanyi har zafi. Na hana a goge wurin don kada a yi kuka. Yanzu sai ta leƙa ta ce mini saura kaɗan a kira la'asar, kafin in ajiye ludayi an kira. Mutum da agogonsa a bango, a ce yarinya ta fi shi?"

Rahma ta fassara, kunnuwanta kamar za su kama da wuta. Malamin kimiyya ya ajiye biro.

"Ki ce musu sukarina. Na yi mita wata rana cewa alkakina na yin laushi lokacin da iskar garin nan ta jiƙe. Mita ce kawai, ban aiki kowa ba. Na dawo daga kasuwa na tarar ta jera mini kofuna a kicin, kowanne da ruwan sukari, wannan ta dafa kaɗan wancan ta dafa da yawa, wasu a baranda wasu a firij. Sukarin sana'ata kaf!"

Yarinyar ta yi wata 'yar gajeriyar jimla ta yi shiru. Haulat ta harare ta.

"Na ji ba ki ce firij ba. Ina jin Turanci in ba ki sani ba. Faɗa duka. Ki kuma ce musu har yau da awonta nake dafawa, abin kunya, ni da na koya a hannun kakata."

Madam Fiona ta sa hannu ta rufe baki. Haulat kuwa ta samu hanya, ba mai tare ta kuma. Ta kai ƙarar injin wanki da yarinyar ta kwance ranar da ya ƙi zubar da ruwa, ta zana kowane ƙarfe a jikin kwali don kada ta manta mazauninsa, ta ciro maɓallin riga daga cikinsa, ta mayar ya tashi. Ta kai ƙarar lemun da ta ajiye wa baƙi, da aka soke da tsinke aka haska da tocila, wai ana neman dalilin da ya sa wata ke tsayawa a wata ƙasa bai tsaya a wata ba. Ta kai ƙarar yaren maƙwabta Indiyawa 'yan Kerala da yarinyar ta tsinta a matakala, yanzu ba dama mutum ya zauna lafiya sai an zo neman ta a fassara wa wata tsohuwa maganar mai gyaran famfo. Kowace ƙara da ranarta da kayan da aka yi asara, ba wadda ta ɓace mata.

Rahma na biye da ita tana fassarawa. Da aka zo kan kwalin injin wanki sai ta tsaya cak, domin ta ɗauka ba wanda ya gan ta ranar, uwar tana barci. Ta juya ta kalli uwarta ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba. Haulat ta kau da kai ta ce, "Ci gaba mana, suna jira."

Malamin kimiyya ya tambayi yarinyar me ya sa layin inuwar ke matsawa. Ta fara amsawa a hankali, sai ta manta da kunya. Ta miƙe, ta roƙi aron kofin shayinsa da fitilar wayar Madam, ta mayar da teburin kwamiti baranda. Malamin aji ya saki baki yana kallon ɗalibar da ya ce ba ta magana.

Da za su tashi Haulat ta ce saura ɗaya, wannan kuma ta faɗe shi da Turancinta, ba ta nemi tafinta ba. Ta ce akwai iyaye da yawa irinta a makarantar nan. In an tambaye su ko ɗansu gwani ne za su ce a'a, wasu don kunya, wasu don tsoron baki, wasu don suna ganin baƙo ba ya cika baki. Amma a tambaye su me yaron ya ɓata a gida, me ya hana su sakat da shi, za a ji abin da ake nema. Madam Fiona ta rubuta wannan. Tun daga shekarar da ta biyo baya haka ake tambaya a makarantar, kuma Haulat ce ke bi gida-gida tana koya wa iyaye mata kai ƙara.

A tashar bas suka zauna su biyu, rana na dukan rumfar. Rahma ta daɗe tana wasa da igiyar jakarta kafin ta ce, "Umma, ashe kina gani."

"Da makauniya ce ta haife ki?"

Yarinyar ta yi dariya, hawaye na zuba. Haulat ta miƙa mata gefen mayafi ta ce ta goge, mutane na kallo.

Sakamako bai fito a ranar ba, kuma jiran ya ci Haulat ƙwarai, har ta ƙona dubulan ɗin wata amarya. Ranar wata Alhamis tana kicin ta ji ana hawowa matakala da gudu, an banko ƙofa ba sallama. Rahma ce, numfashi sama-sama, ɗankwali ya zame.

"Umma! Sun ɗauke ni! Ni suka ba!"

Haulat ba ta juyo ba. Ta ci gaba da juya abin da ke cikin mai ta ce, "To. Sai ki cire takalmi, kin shigo mini da ƙasa."

Rahma ta koma baya ta sunkuya tana kwance igiya, tana murmushi, domin yanzu ta iya jin yaren uwarta. Sai dai Haulat ta ji abin ya taso mata daga ciki ya ƙi komawa. Ta kashe wuta, ta ajiye matsami, ta kama hancinta ta rangaɗa guɗa. Guɗa irin ta Malumfashi, mai tsawo mai kaifi, wadda ba a taɓa jin uwa ta yi wa 'yar farinta ba. Ta ratsa bene ta sauka har titi. 'Yan Kerala suka buɗe ƙofa, Adijatu ta hauro da gudu tana tambayar ina wutar ta kama. Haulat ta ja numfashi ta sake wata, ta kuma sakewa, Rahma na tsaye ƙofar kicin da takalmi ɗaya a hannu.